Yadda Za Ka Lallaɓa Hancinka Ya Dawo Jin Ƙamshi Bayan Mura

Sana'ata haɗa turaren wuta da humra. A gaban mahaifiyata na koya, kuma da ita nake rufa wa kaina asiri a nan Kano. Mai irin wannan sana'a hancinta ne jarinta, shi ya sa lokacin da korona ta kama ni a hunturun ƙarshen 2020, zazzaɓi da ciwon jiki ba su ɗaga mini hankali ba kamar ranar da na buɗe kwalbar baƙar humra, na kai hanci, na ji shiru. Iska na shiga tana fita lafiya lau, ƙamshin ne kawai ya ɗauke. A hankali ya dawo. Tun daga nan, duk wadda ta zo sayen turare ta ce mini, "Hajiya, ni fa tun murar nan ban ƙara jin ƙamshin komai ba," sai na shimfiɗa mata tabarma mu zauna. Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan. Wani daga bakin likitan hanci da ya duba ni na ji shi, wani na karanta, wani kuma a jikina na gani.

Da farko ka gane wane irin rashin jin ƙamshi ne ya same ka, domin iri biyu ne. Akwai wanda hanci ke toshewa da majina da kumburi, iskar da ke ɗauke da ƙamshi ta kasa kaiwa inda ya kamata. Wannan mai sauƙi ne, da murar ta tafi yake tafiya, cikin mako ɗaya ko biyu. Na biyun shi ne irin nawa: hanci a buɗe, amma babu ƙamshi babu wari. Can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ɗan fili da jijiyoyin jin ƙamshi suke, daga nan suke ratsa wasu ƙananan huji na ƙashi su isa ƙwaƙwalwa. Ƙwayar cutar korona ta fi illata ƙwayoyin halittar da ke kewaye da waɗannan jijiyoyi suna ciyar da su, wurin ya kumbura, jijiyoyin su daina aiki. Tun kafin korona likitoci sun san mura ta yau da kullum da mura mai zafi suna iya yin wannan ɓarna, korona dai ta yawaita ta ne har duniya ta farga. Nau'in korona mai suna Omicron da ya bazu daga ƙarshen 2021 bai cika ɗauke ƙamshi kamar na farko ba, amma har yanzu ina ganin masu fama.

Abin da ya kwantar mini da hankali a bakin likita shi ne, jijiyoyin ƙamshi suna cikin 'yan kaɗan a jikin ɗan Adam da suke sake tsirowa muddin mutum na raye. Yawancin mutane cikin 'yan makonni suke warwarewa. Wasu sai watanni, wasu ma su haura shekara. Aikinka a wannan tsakani shi ne ka taimaka wa hancin, kada kuma garin gaggawa ka ƙara masa rauni.

Babban taimakon da za ka yi masa shi ne horon sansana. Wani likitan hanci a birnin Dresden na ƙasar Jamus, Farfesa Thomas Hummel, shi da abokan aikinsa suka wallafa tsarin a 2009. Sun ba marasa lafiya ƙamshi huɗu: wardi, lemun tsami, kanumfari, da man bishiyar turare, wannan doguwar bishiya da ake dasawa a bakin titi da makarantu. Safe da yamma suke sansanawa har mako 12, aka kuma ga waɗanda suka yi horon sun fi waɗanda ba su yi ba samun sauƙi. Duk huɗun akwai su a kasuwanninmu. Kanumfari na kowane kicin, lemun tsami na bakin hanya, ruwan wardi na shagunan masu maganin Musulunci, ganyen turare kuwa tsinkowa kawai za ka yi.

Ka nemi ƙananan kwalabe huɗu masu murfi, ka wanke su sosai su bushe. Kada ka ɗauki kwalbar da ta taɓa zama da wani turare, domin ƙamshi na kama gilashi da murfi, mu masu sana'a mun san wannan. A ta farko ka daddaka kanumfari kaɗan ka zuba. A ta biyu ka kankare koren ɓawon lemun tsami, domin ƙamshin a ɓawon yake, ba a ruwan ba. A ta uku ka murtsuke ganyen turare. A ta huɗu ka jiƙa 'yar auduga da ruwan wardi. Ɓawon lemo da ganye suna saurin hucewa, sai ka riƙa sabunta su bayan kwana biyu. In ka samu man waɗannan abubuwa na gaske, ɗigo uku ko huɗu a kan auduga ya isa, kuma zai yi watanni matuƙar kana rufewa kana ɓoye shi daga rana. Ka rubuta sunan kowanne a jikin kwalbarsa. Tunda kai ba ka ji, ka sa wani na gida ya riƙa sansana maka lokaci-lokaci ya gaya maka ko har yanzu da ƙarfinsu.

Ni bayan sallar asuba nake yi, sai kuma kafin na kwanta, saboda lokutan nan gida ya yi tsit kuma ba a girki. Ka zauna, ka ajiye waya. Ka buɗe kwalba ɗaya, ka kawo ta kusa da hanci ba tare da ta taɓa shi ba, ka riƙa sansanawa gajere-gajere a hankali na kamar daƙiƙa 20. Kada ka ja numfashi da ƙarfi har ƙirji, wannan wuce wurin yake yi. Ka rufe, ka huta kamar rabin minti, ka ɗauki ta gaba. Duka-duka abin bai kai minti biyar ba.

Ga inda mutane da yawa ke sakaci. Yayin da kake sansanawa, sai ka kira ƙamshin a zuciyarka. In kanumfari ne a hannunka, ka tuna zoɓon da ya ji kanumfari da citta, ko kunun tsamiya na buɗa-baki. In lemun tsami ne, ka tuna lokacin da aka yanka shi ruwan ya fantsama a yatsunka. Ƙwaƙwalwa ake horarwa tare da hancin, shi ya sa sansanawa kana kallon talabijin ba ta cika amfani ba. Makonnin farko ba za ka ji komai ba, za ka ga kamar wasan yara kake yi da kwalabe. Ka ci gaba. Ni abin da na fara ji wani ɗan ɗumi-ɗumi ne daga kwalbar kanumfari, ya zo ya ɓace kafin na tabbatar. Washegari babu. Bayan wasu kwanaki ya sake leƙowa. Haka yake dawowa, yau akwai gobe babu, kuma hakan ba koma-baya ba ne.

Ka samu ɗan littafi, kowace Juma'a ka ba kowane ƙamshi maki daga 0 zuwa 5, ka kuma rubuta ko yadda ka san shi ya zo ko ya jirkice. Sauƙin a hankali yake zuwa har mutum ba ya lura, sai ya waiwayi shafin watan da ya wuce. In mako 12 ya cika, kada ka tsaya. Masu bincike a Turkiyya sun nuna a 2015 cewa sauya ƙamshin bayan kowane mako 12 da tsawaita horon na ƙara amfani. A zagaye na biyu ni na ɗauki citta, girfa, kajiji da ɓawon lemun zaƙi. A ganina ƙamshin da ka tashi da shi tun kana yaro ya fi wanda ba ka saba da shi ba, domin da shi ne zuciyarka ke da abin tunawa. In daddawa ce ta fi zama maka a rai, sa daddawa. Ba kowa ne horon ke mayar wa da ƙamshi gaba ɗaya ba, amma yana ƙara damar warkewa, ba ya cin kuɗi, ba ya cutarwa.

Wani abu da ke ruɗar mutane: za ka ji wani ya ce ai yana jin man zafi, yana jin kafur, yana jin barkono in ana soyawa. Sanyin man zafi da yajin barkono wata jijiya ce daban ke ɗaukar su, wadda ke jin zafi da sanyi a fuska, kuma tana iya ci gaba da aiki ko da ƙamshi ya ɗauke. Don haka kada ka auna warkewarka da su. Kada kuma ka ce bari ka tayar da hancin da abu mai ƙarfi, ka kama shaƙar fetur ko ruwan bilic ko garin taba. Ƙona wurin za su yi. Har turaren wuta, ni mai sayar da shi nake gaya maka, kada ka sunkuya kan kasko kana zuƙar hayaƙin don ka gwada. Hayaƙi hayaƙi ne, ko na sandal ne. In kana shan sigari, wannan ne lokacin bari.

Sai wanke hanci da ruwan gishiri. Shi ba ya sa jijiya ta sake tsirowa, amma yana fitar da majina da ƙura, ya rage kumburi, iska ta samu hanyar kaiwa sama. A hunturu, lokacin da ƙura ke kwana a hancin mutum, amfaninsa a fili yake. Ka tafasa ruwa rabin lita, wato daidai ledar fiya wata ɗaya, ya yi aƙalla minti ɗaya yana tafasa. Ka zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, kada ya yi tozo. In kana da bekin soda ka ƙara rabin cokali, yana rage raɗaɗi. Kada ka sa kanwa a madadinsa, kanwa ta fi ƙarfin fatar cikin hanci kuma tana da datti. Ka bar ruwan ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Tafasawar nan ba a wasa da ita, ko ruwan famfo ne ko na rijiya ko na leda, domin akwai ƙwayoyin cuta da ciki ke iya kashewa in an sha su, amma in suka bi ta saman hanci suna iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Abin ba kasafai yake faruwa ba, sai dai in ya faru yana kisa. Wanda ba ya son wahalar haɗawa ya sayi ruwan gishiri na asibiti a kemis, irin wanda ake ƙara wa majinyaci.

Ka samu babban sirinji, mai cin mililita 20, ka cire allurar. Ka sunkuya kan roba, ka ɗan karkata kai gefe, ka buɗe baki kana numfashi ta nan. Ka sa bakin sirinjin a ƙofar hancin da ke sama, ka nufi baya wajen kunne, ba sama wajen ido ba, ka matsa a hankali. Ruwan zai fito ta ɗaya ƙofar ko ta baki, sai ka tofar. Ka juya ka yi wa ɗayan. Bayan nan ka face a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya, domin facewa da ƙarfi na tura ruwa cikin kunne. Sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar. Abin da ya rage ka zubar, gobe ka haɗa sabo, sirinjin kuma ka wanke ka shanya, kada ka yi tarayya da kowa a kansa. In kana azumi ka bari sai bayan buɗa-baki. Mai ciwon kunne, ko mai yawan haɓo, ko wanda aka yi wa aiki a hanci, ya tambayi likita tukuna. Ƙananan yara kuwa ɗigo kawai ake yi musu.

Magungunan ɗigawa da ake saya a kemis don buɗe hanci, waɗanda za ka ga an rubuta xylometazoline ko oxymetazoline a kwalinsu, suna aiki nan take, kuma nan ne haɗarinsu yake. In aka wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da su, hancin sabawa yake yi, da ƙarfin maganin ya sake shi sai ya toshe fiye da da. Na san wata baiwar Allah da kwalbar ba ta rabuwa da jakarta, ko biki za ta sai da ita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su kafso ba ya yi wa mura komai, tunda bairos ne ke kawo ta. Su kuma magungunan rage kumburi irin su prednisolone da dexamethasone da wasu ke haɗiya da kansu, suna tayar da sukari da hawan jini, likita ne kaɗai ya kamata ya yanke shawarar ba da su. Akwai na fesawa da likita kan rubuta in ya ga kumburi ko tsiro a cikin hanci, wannan daban ne. Tafarnuwa, man habbatussauda, man zaitun, duk ka ci su in kana so, amma kada ka cusa ko ka ɗura su a hanci. Tafarnuwa na ƙona fata, mai kuma na iya gangarawa huhu. Ko a Amurka, a 2009 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama'a kan wani maganin mura mai sinadarin zinc da ake shafawa cikin hanci, bayan mutane da dama sun rasa jin ƙamshi ta dalilinsa. Sirace da ruwan zafi yana ɗan sassauta toshewa, iyakarsa ke nan, a dai kiyaye yara da tukunyar. In hunturu ya busar maka da hanci, ɗan man kaɗanya a bakin ƙofar ya isa, ka kuma sa takunkumi ko ka ja rawani in za ka hau babur cikin ƙura.

Yanzu maganar gida, wadda ta fi damuna a kan matan da ke girki. Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari, wani sinadari mai ɗoyi ake ƙara masa don a gane in yana tsiyaya. Ke da ba kya ji, wannan kariya ta faɗi a kanki. Ki kaɗa ruwan omo ki shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunyar, in kika ga kumfa na hurowa to akwai tsiyaya. Kullum kika gama girki ki rufe daga kan tukunyar, kada ki tsaya ga maɓallin murhu kawai. In kin ɗora abu ki sa ƙararrawar waya, domin ƙauri ba zai kira ki daga ɗaki ba. In da hali a sa na'urar gano hayaƙi a gidan. Miyar da ta kwana, nama ko kifin da wuta ta ɗauke a kansu a firji, nonon da ya jima, kada ki yanke musu hukunci ke kaɗai, ki kira wani ya sansana, in babu kowa kuma kina shakka ki zubar. Mai goyo ta riƙa duba ƙunzugun jariri da ido a kan kari. Turaren jiki ma ki tsaya a adadin da kika saba, kada ki yi ta ƙarawa don ba kya ji.

Abinci zai koma lami, wannan kusan kowa na kuka da shi. Harshe zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci da daɗin romo kawai yake ganewa. Abin da ke bambanta miyar kuka da miyar kuɓewa a baki, ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Da ya ɗauke, sai hannu ya riƙa kaiwa ga gishiri da magi, mai hawan jini kuma ya jefa kansa cikin wata matsalar. Gara ka nemi daɗin ta wata hanya: tsamin tsamiya da yakuwa da lemun tsami, yajin citta da masoro, ƙaras-ƙaras ɗin ƙuli-ƙuli a kan kwaɗon zogale. Ko ba ka jin marmari ka ci a kan lokaci, musamman tsofaffi, waɗanda ke saurin ramewa.

Akwai kuma matakin da ba a cika gargaɗin mutane a kansa ba, shi ne jirkicewar ƙamshi. Wata biyu ko uku bayan cutar, daidai lokacin da ka fara murna, sai soyayyiyar albasa ta koma warin kwata, tsire ya koma ƙaurin roba, ƙwai da kofi da man goge baki su riƙa tayar maka da zuciya. Wasu kuma su riƙa jin hayaƙi alhali babu wuta ko'ina. Ba sammu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Hancin mutum na da na'urorin karɓar ƙamshi kusan iri 400, kowane ƙamshi kuma haɗin da yawa daga cikinsu ne. In wasu sun farfaɗo wasu ba su farfaɗo ba, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa a gurgunce yake zuwa. Kamar humra ce: in na haɗa ta na bar farce, wato ƙumbar dodon koɗin teku da muke sa wa turare, shi kaɗai babu sandal babu miski, ƙarni za ki ji, alhali farcen nan shi ne ke riƙe ƙamshinta in komai ya cika. Likitoci da yawa na ɗaukar wannan mataki alamar jijiyoyi na tsirowa, kuma yakan lafa da kansa, ko da yake yana iya jan watanni. Kafin nan, abinci mai sanyi ko wanda ya huce ya fi shiga, domin tururi ne ke ɗauko warin. Fura da nono, kunu, farar shinkafa, dafaffiyar doya, dankali, 'ya'yan itatuwa, su suka riƙe ni. Gasasshe da soyayye su suka fi tsanani. In ana suya ka fita tsakar gida, in man goge baki ya gagara ka koma asuwaki. Lokaci-lokaci ka sake gwada abin da ka ƙi, domin abin na sauyawa.

Ina roƙon 'yan gida su yi haƙuri da mai wannan lalura. Ciwo ne da ba a gani, shi ya sa ake cewa mutum raki yake yi. Matar da ta daina jin ƙamshin kan jaririnta, ko ta kasa zama kusa da mijinta saboda turarensa ya koma mata ɗoyi, ba iyayi take yi ba. Hanyar ƙamshi a ƙwaƙwalwa tana manne da wuraren tunawa da shauƙi, shi ya sa rashinsa ke jefa wasu cikin ƙunci na gaske. In ƙuncin ya kai ga hana barci ko cin abinci, shi ma abin kaiwa asibiti ne.

Ka je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro in wata ɗaya ya wuce babu ko alamar sauyi. Kada ka jira ko kwana ɗaya in ƙofar hanci ɗaya ce kawai ta toshe ta ƙi buɗewa, ko jini na fita a kai a kai, ko akwai majina mai wari da ciwon fuska da zazzaɓi, ko ido ya kumbura, ko gani ya sauya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo. Haka in ƙamshin ya ɗauke ne bayan buguwa a kai, kamar faɗuwa daga babur, ko dattijo ne ya riƙa rasa shi a hankali ba tare da wata mura ba, domin wani lokaci hakan na rigayar cutar karkarwa ta Parkinson ko ciwon mantuwa. Akwai sashen hanci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda ke duba hanci da maƙogwaro ma. Likitan zai leƙa ciki da 'yar kyamara ya ga ko akwai tsiro ko kumburin da ke tare hanya. In za ka tafi, ka riƙe littafin makinka da kwalayen duk magungunan da ka ɗiga ko ka sha tun farkon murar.